Ranar da Baba ya tambaye ni daga wane gari nake

Ko zan manta da komai a duniya, ban da Umrar da 'yar kawuna ta zo yi daga Ingila. A ranar ne bakina ya jawo mini kunyar da har yau ban gama haɗiye ta ba.

A lokacin ni ne sarkin surutu a layinmu na Mansur a Makka. Kullum da yamma muna gaban shagona da kofunan shayi muna yanke wa duniya hukunci, alhali yawancinmu iyakar tafiyarmu Jidda. Ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce, tsofaffi take kula da su a can. Kwana biyu da saukarta gidanmu ta ja ni gefe.

"Yaya, a wurinmu tsofaffin da ciwon ƙwaƙwalwa ke kashewa sai ƙaruwa suke yi. Da mantuwa yake farawa, har mutum ya kasa haɗiye abinci. Na lura da Baba. Don Allah ku kai shi asibiti."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Ke dai sanyi ya taɓa ki! Wannan ai ciwon Turawa ne, masu kai iyayensu gidan ajiya kamar tsohuwar kujera. Mu nan Zamzam muke sha safe da yamma. Wanda ba Musulmi ba ma a shingen hanya ake juya shi, balle ciwonsa."

Ba wai ban ga komai ba fa. Baba ya sa takalmansa a firji, na ce dabarar zafin Makka ce. Ya yi La'asar sau biyu, na ce ƙarin lada. Ya tambayi ina Inna ta shiga, ita da ta shekara shida da rasuwa, na ce so ne. Kowace alama ina da fatawarta a aljihu, ni shehin malamin da ko allurar zazzaɓi tsoro yake ji.

Don in rufe mata baki na ce gobe Baba ne zai ja ta ɗawafi. Aikinsa ke nan tun ban zo duniya ba: ya shige gaban alhazai yana karanta addu'a, suna riƙe da bakin rigarsa suna maimaitawa.

Da hantsi muka shiga Harami. Wallahi Baba bai ba ni kunya ba. Murya tangaran, addu'a na bin addu'a, ko gargada babu, har wasu baƙi suka biyo bayanmu suna amsawa. Ni kuwa sai hararar ta nake ina ɗaga gira. A zagaye na biyar na kasa haƙuri, na raɗa mata, "To malamar asibiti, Turawanki za su iya haka?" Ko kallona ba ta yi ba.

Da bakwai suka cika na dafa kafaɗarsa. "Baba, halas, mun gama."

Ya juyo da irin murmushin da yake yi wa baƙi. "Sannu Alhaji. Daga wane gari, Kano ko Sakkwato? Riƙe rigata kada ka ɓace, yanzu za mu fara."

Na ce, "Baba, ni ne fa. Ɗanka."

Ya ƙare mini kallo, ya girgiza kai cikin tausayi. "Ina da yaro mai kama da kai a gida. Sai dai shi surutu ya yi masa yawa. Yalla mu je, Alhaji, bismillah."

Haka na kama bakin rigar ubana kamar baƙon da ya sauka jiya, muka sake zagaye bakwai, yana karantawa ina amsawa hawaye na shiga mini baki. Da 'yar kawuna ta ce "ai na faɗa maka" da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Yaya, riƙe shi da kyau."

Washegari muka kai Baba asibiti, likita ya tambaye ni tun yaushe abin ya fara. Na ce kamar shekara biyu. Ya cire tabarau ya dube ni, na rasa inda zan sa fuskata. Baba ya ƙara shekara uku a duniya, ni nake ba shi abinci a baki, kuma har ya koma ga Allah Alhaji yake ce mini.

Yanzu in wani a majalisa ya fara "ai Turawa...", sai in ajiye kofina in tambaye shi yaya tsohonsa yake a gida. Abin da na koya shi ne ciwo ba ya neman biza, ba ya nuna iƙama, takardar izinin zama, a shinge. Ina can ina yi wa mutanen wata ƙasa dariya, shi yana cikin gidanmu shekara biyu yana cinye mini uba, ni kuma ina yi masa fatawa.