Fastar da Na Yaga a Sabon Gari

Da ana janye abin da hannu ya aikata, da na janye yaga zanen maƙwabcina.

A lokacin ina sayar da kaset ɗin bidiyo a Kasuwar Sabon Gari. Rumfar da ke jikin tawa ta wani mai gyaran rediyo ce, ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Kano. Duk fim ɗin Indiyan da na kunna, tare muke kallo. In an gama sai ya dubi fastar da na manna, ya girgiza kai.

"Malam, masu buga wannan ba su kalli fim ɗin ba."

Sai ya samo kwalin rediyo ya sake zana fastar yadda ransa ke so. Yakan tura jarumin fim ɗin gefe, ɗan mitsitsi. Tsakiya ta wanda ya fi shiga ransa ce, wani lokaci uwar jarumin, wani lokaci direba.

Wata rana muka kalli fim mai wani tsohon maigadi da kowa ke daka wa tsawa, alhali shi kaɗai ya riƙe amanar gidan. Bayan kwana biyu maƙwabcina ya rataye sabon kwali. Ga maigadi a tsakiya, da hulata, da wushiryata.

'Yan layinmu suka taru.

"A gaida maigadi! Ina ka baro sandar?"

"Ashe Malam a Indiya yake kwana!"

Kunya ta rufe ni. Na fizge kwalin, na yaga, na jefa a kwata. Na ce, "Ni za ka mayar abin dariya?"

Maƙwabcina ya ce, "Malam, a tsakiya fa na sa ka."

Na san ma'anar wannan sarai, amma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri. Gaisuwa ba ta yanke ba, kallo tare kuwa ya ƙare, ban kuma ƙara ganin ya taɓa fenti ba. Daga baya ya kwashe iyalinsa suka koma kudu. Ban tambayi sunan garin ba.

Yanzu ina zaune a Kwaciri. Matata ta rasu, 'ya'ya kowa na gidansa. Nakan kunna tsohon fim, in an zo wurin dariya in waiwaya, babu kowa.

Don Allah, in wani ya girmama ku yadda ya iya, kada dariyar mutane ta sa ku wulaƙanta shi. In kuwa kun riga kun yi, ku je ku same shi tun kuna sane da inda yake.