Sanyin da Na Sace wa Inna Hawwa

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Hujar, kuma kafin in lalace ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Mahaifina ya kai ni Sinja wurin wani usta mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya mota. Hannuna ya faɗa da wuri. In kwamfaresa ya ƙi kamawa, sai na duba fis, na bi waya, na auna gas, kafin in buɗe baki in ce ya mutu. Haka ustana ya koya mini, Allah ya jiƙansa.

Da na buɗe tawa warshar, wato wurin gyara, sai idona ya buɗe. Na fara da zuba rabin gas in ce na cika, ba wanda ya gane. Daga nan na koma cire lafiyayyen kwamfaresa in ce ya ƙone, in wanke wani tsoho da fetur, in fesa masa fenti in ɗaura. Mai mota ya ji sanyi ya tafi yana sa mini albarka, ni kuwa in kai nasa Sinnar in sayar. Wayo nake kiran abin a lokacin.

Wata rana da bazara wani dattijo, Baba Isiyaku, ya shigo da tsohuwar motarsa. Ya wuce duk warshoshin layinmu ya zo wurina, don an ce masa ni Bahaushe ne. Da na gaishe shi da Hausa har ƙwalla ta cika masa ido.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, na samu ɗan gida. Ɗana, duba min arabiyag ga. Innarka Hawwa nika kaiwa wankin ƙoda Sinnar, zahi na wahal da ita."

Ina buɗe gaban motar na ga matsalar: waya ce guda ta tsinke. Kwamfaresan kuwa na asali ne, garau. Na ce, "Baba, wanga kam ya mutu, sai an sake." Bai ko leƙa ba. Ya ce, "Yadda ka gani, ɗana." Ya koma inuwa yana jan carbi, ni kuma na yi abin da na saba.

A hanyar Sinnar, da rana tsaka, kwamfaresan da na ɗaura ya cije. Fambel ya tsinke, inji ya ɗau zafi, mota ta tsaya inda babu ko bishiya. Kafin a sami mai taimako Inna Hawwa ta galabaita. Ta kai asibiti da rai, amma ba ta komo gida ba.

Na ji labarin, na kasa zuwa gaisuwa. Kwamfaresan Baba Isiyaku ma na kasa sayarwa, na ɓoye a gidan ƙanwata. Amma ban daina ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Wani ɗan kasuwa ne ya kama ni daga baya, domin ya yi wa nasa alama. 'Yan sanda suka kwashe warshar, alƙali ya tura ni sijin, wato kurkuku. A can, duk sanda zafi ya hana ni numfashi, Inna Hawwa nake tunawa.

Da na fito, na ɗauki kwamfaresan na nufi ƙauyensu. Na tarar da motar a bakin garka, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Na durƙusa na faɗa wa Baba komai, na ce zan ɗaura masa kayansa yanzu. Ya daɗe yana kallon ƙarfen nan, sannan ya ce, "Kwananta na ya ƙare, na yahe maka. Amma ɗana, in ka ɗaura, wa za ya sha sanyin?"

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na tuba, yanzu noma nake yi a bakin kogi. Ku samari masu koyon sana'a, ku ji daga wanda ya gani. Kada ku fara ko da rabin gas, domin daga nan na fara. In mutum ya ba ku kayansa ya koma inuwa bai leƙa ba, ku ji tsoron Allah, ba ku san wa zai ɗauka a kujerar baya ba.