Delbert Kruse da Igwar Gaban Kotu

A garinmu Tolliver, can cikin gonakin masarar jihar Nebraska ta Amurka, abin nunawa uku gare mu: ginin kotu na jan bulo, tankin ruwa, sai tsohuwar igwa da ke kan ciyawar gaban kotun. Mai kula da igwar Delbert Kruse ne, kodayake babu wanda ya taɓa ba shi aikin.

Rabon wasiƙu ya yi har ya tsufa, saboda haka ya san kowa. Allon shigowa gari ya ce ba mu kai dubu biyu ba, shi kuwa bai yarda ba. Waɗanda suka koma birnin Omaha, a wajensa, tafiya suka yi, suna nan dawowa.

Kowace Asabar sai ya zo da tsumma da mai ya goge igwar. Duk baƙon da ya tsaya tambayar hanya, sai ya sha labarin yadda mutanen Brandt, garin da ke maƙwabtaka da mu, suka zo da kekunan doki za su ƙwace mana hedkwatar gunduma, kakansa ya juya musu bakin igwa, suka ranta a na kare. Matsalar ɗaya ce: matarsa Arlene 'yar Brandt ce. Ita cewa take ruwan sama ne ya mai da kakanninta gida.

Da garin ya cika shekara ɗari, Delbert ya matsa wa majalisar gari lamba sai an harba igwar. Suka gaji, suka yarda. Ranar bikin aka taru, har mutanen Brandt sun zo kallo. Ya sa kwat ɗin aurensa da ta daina rufe cikinsa, ya ɗura albarushi, ya kunna.

Igwar ta yi wani ɗan tari. Sai ga hayaƙi, ga ƙonanniyar masara tana zubo wa alƙali a kan hula. Ashe kuregu sun daɗe da mai da cikinta rumbu. Delbert waje kawai yake gogewa.

Sai ga muryar Arlene: "Tsoho, da haka kakanka ya yi mana, ai da mun tsaya cin abinci."

"Ke dai kin auri ɗan Tolliver," in ji shi, yana kaɗe toka daga gira.

Ya ɗan kwana biyu bai leƙo shagon aski, inda mazan gari ke hira, ba. Da kaka ta zagayo, mutanen Brandt suka aiko roƙon aron igwar don bikin masararsu. Ya ce sai dai bayan ransa. Arlene ta daina yi masa burodin kirfa da safe. Ƙarshenta shi da kansa ya ja igwar zuwa Brandt da a-kori-kurarsa, ya wuni zaune kusa da ita a kan kujerar roba, yana hana jikokin Brandt hawa.