Maganar Rijiya a Gindin Fosta

Shekarar da sojoji suka koma bariki, yayata ta kammala binciken da ta daɗe tana yi a kan rijiyoyin unguwarmu, Nasarawa. Malama ce a wata babbar makaranta, ni kuma ina koyarwa a sakandare. Abin da ta gano ba ya bukatar dogon Turanci: ruwan rini da ke bin lambatu daga wata masaƙa yana tsattsafowa cikin rijiyoyin da ke kusa, kuma shi yara ke sha.

Maƙwabciyarmu, 'yar kudancin Kaduna mai sayar da ƙosai, ita ta fi kowa matsuwa. Daga rijiyarta aka fara ɗiban ruwan gwaji, kuma autarta ba ta rabuwa da ciwon ciki. Kullum ta ga yayata sai ta ce, "Malama, yaya maganar rijiya?"

Sai aka shirya taron masu bincike, aka ce sabon kwamishina zai zagaya ya duba aikin kowa. Kowane mai bincike an ba shi allo ɗaya ya manna fosta. Mu a lokacin ba mu san fosta aba ce da ake karantawa a tsaye, cikin tafiya ba. Mun ɗauka littafi ne da ake shimfiɗawa a bango.

A wani shagon kwamfuta a unguwar Television muka buga takardun, muka dawo tsakar gida da kwali da gam. Ni ne mai almakashi. Duk abin da Yaya ta rubuta sai da ya hau: tarihin unguwa, godiya ga shugabannin makaranta, sunayen littattafan da ta duba. Wuri ya ƙi isa, muka koma aka ƙanƙance rubutun har ya zama kamar jerin tururuwa. Wallahi ya burge ni, har na ce mata, "Yaya, duk wanda ya ga wannan ya san an sha wahala."

Sakamakon kuwa, layin da ya ce kada a sha ruwan nan, can ƙasa ta ajiye shi, a kusurwar dama. Na tambaye ta dalili, ta ce haka ake yi. Zamanin soja su malamai sun koyi binne gaskiya a ƙarshen takarda, inda mai neman laifi zai gaji kafin ya kai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ban musa ba, don ni ma a wannan tsoron na girma.

Ranar taro kwamishina ya shigo da babbar rigarsa da tumbinsa da 'yan rakiya. Ya daɗe a gaban allon wani saurayi mai katon hoton masara da layi uku kacal, har da tambayoyi. Da ya iso namu sai ya ɗan ƙanƙance ido, ya karanta kan magana, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya," ya wuce. Layin rijiya yana daidai gwiwarsa. Mutum irin wannan ko takalminsa ba shi yake sunkuyawa ya ɗaure ba.

Yaya ta buɗe baki, amma an riga an ja shi gaba. Har yau in na tuna fuskarta a wannan lokacin, raina ɓaci yake. Ba wanda ya hana mu magana ranar nan. An ba mu bango guda, an kawo mana mai iko har gabanmu, muka yi masa raɗa.

Mun bi ofisoshi daga baya, aka yi ta ce mana a dawo gobe. Yaya ta bi gida-gida tana gargaɗi, amma famfo ba ya zuwa, mutane kuma ba za su sha gargaɗi ba.

Da yammar ranar taron, muna sauka daga bas da kwalin a naɗe, maƙwabciyarmu ta bar kaskonta a wuta ta taro mu, autarta na riƙe da zanenta.

"Malama, sun karanta?"

Yaya ta ce, "Sun gani, Maman yara."

Matar ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah, ta shiga gida da murna. Muna tsaye a ƙofa muka ji ƙarar guganta ya faɗa rijiya.