Da Sauƙin Malam Isyaku

Har gobe ba zan manta da ranar da gaisuwa ta kusa cin aikina ba. Lokacin ina mataki na tara, ni ce sakatariyar kwamitin diyyar ma'aikata a wata ma'aikatar jiha nan Kaduna. Ga waɗanda ba su san aikin ba: idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, shugabansa zai kawo rahoto, likita ya kawo nasa, sannan kwamiti ya zauna ya ji ta bakin mai raunin. Ƙa'idarmu ta ce abin da ya faɗa shi sakatariya za ta rubuta, ba ƙari ba ragi. In hukunci bai yi masa daɗi ba yana da damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya, daga nan an rufe fayil ke nan.

Malam Isyaku shi ne mai gyaran wutar ma'aikatar, dattijo ne ɗan Unguwar Kanawa. Wata damina ya hau tsani zai gyara fanka, wuta ta fizge shi, ya faɗo a kan hannunsa na dama. Ƙashin ya ɗoru, amma yatsun suka ƙi damƙa. Ko cokali ya riƙe sai ya suɓuce.

A zaman farko shugaban kwamiti, Darakta Alhaji Tanko, ya buɗe da cewa, "Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi."

Darakta ya juyo gare ni. "Hajiya, rubuta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gaisuwa ce." Ya ce ƙa'ida ba ta san gaisuwa ba. Abin haushin, duk wanda ke ɗakin ya san mutumin garin nan ko yana gargara haka zai amsa. Aka buɗe rahoton likita, shi ma ashe sai da ya gaida shi, ya rubuta cewa mara lafiya ya ce da sauƙi. Shaida ta zama biyu. Aka yanke cewa ya warke, babu diyya, ya koma bakin aiki. Wato dattijon nan ya koma kan tsani da hannu ɗaya yana taɓa wayar wuta. Na yi kwanaki abin na cina, don da hannuna na rubuta.

Na sa ya ɗaukaka ƙara. Ana gobe za a zauna na hau Keke Napep na tafi gidansa don in koya masa yadda ake kuka. Na zauna a kujera na zama Darakta, har da kumbura murya.

"Malam, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Baba, ba haka ba. Ka ce ba sauƙi."

"Hajiya, Allah ya bar mini rai, ya bar mini ƙafa biyu da hannu ɗaya da rabi. In tsaya gaban mutane in ce ba sauƙi? Ni ba butulu ba ne."

Daga bayan labule matarsa, Inna Talatu, ta ɗaga murya. "Kada ki saurare shi, 'yar nan! Ni nake ɗaura masa tazuge tun da ya faɗo!" Ya ce mata ta rufa masa asiri. Muka yi ta maimaitawa har aka kira la'asar. Iyakar abin da na samu daga bakinsa shi ne, "Da sauƙi-sauƙi dai." Na koma gida ina ji kamar in yi ihu.

Ranar zama, ɗakin taron yana hawa na biyu, Darakta kuwa ƙafarsa ta kumbura suntum da ciwon gaɓoɓi. Masinjoji biyu ne suka ɗauko shi a kujerar roba tun daga ƙasa, yana ta nishi, suka ɗora masa ƙafar a kan kwali, suka jingine sandarsa mai kan tagulla a bango.

"Malam Isyaku, ya jiki?"

Na ƙura wa Malam Isyaku ido, na yi tari, na taka ƙasa. Ya dube ni da tausayi, ya ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe." Ko ɗayan sauƙin da muka sha wahala a kansa bai ƙara ba. Bai tsaya nan ba, ya ɗaga kai ya ga fankar ɗakin ba ta juyawa, ya ce in da tsani a kusa yanzu zai duba ta.

Nan raina ya ɓaci, tsoro ya fita daga idona. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gaishe ka ba. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Hajiya."

Na ɗaga biro. "In rubuta? Sai a sallami masinjojin, ka sauka da kanka."

Wani mamba ya sunkuya yana neman abin da bai yar ba. Darakta ya ce da alama ina marmarin ƙarasa aikina a ofishin da mota ba ta zuwa da damina. Sannan ya ce a kawo tsanin, Malam ya hau kowa ya gani, magana ta ƙare. Ya yunƙura zai gyara zama, ya ce, "Malam, miƙo mini sandata."

Malam Isyaku na da hannun hagu lafiyayye. Amma ina aka taɓa miƙa wa babba abu da hagu? Ya rusuna, ya sa hannun dama ya ɗauko sandar, ya kawo ta daidai kan kwalin nan, yatsun suka saki. Kan tagullar ya sauka a kan babban yatsan ƙafar Darakta.

Ƙarar da ya yi har masu gadi a ƙasa sun ji. Malam Isyaku ya durƙusa. "Subhanallahi! Sannu, ranka ya daɗe! Ya ƙafar?"

Darakta, hawaye na bin kumatunsa, ya ce, "Da sauƙi." Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya daɗe yana kallon yatsun dattijon. Ya ce, "Hajiya, kada ki rubuta wannan. Rubuta abin da kika gani."

An biya Malam Isyaku diyyarsa, aka mai da shi sito inda ba tsani. Ni ma ba a tura ni ko'ina ba.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, mutanenmu ba sa kai ƙarar jikinsu. Ku gaishe su, ku bar amsar a wurin Allah, sannan ku miƙa musu buta ku ga yadda za su riƙe. Na je duba Malam Isyaku a ciwonsa na ƙarshe, ko magana da ƙyar yake yi. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya yi murmushi ya ce, "Da sauƙi, Hajiya. Wannan karon ki rubuta."