Dunduniyar Baba ta Dama

Babanmu mutum ne mai alfahari da ƙafarsa. Sai ya taka ƙaya a gonarmu ta Kademi ya wuce, ko a jikinsa, mu kuma mu ce kai, Baba ƙarfe ne! Ashe ciwon suga ne ya kashe masa jijiyoyin tafin ƙafa. Wallahi har yau in na tuna yadda muke zuga shi, haushin kaina nake ji.

Da faso ya ƙi warkewa a dunduniyarsa ta dama, duk da man kaɗanyar da Innarmu ta yi ta shafa masa, na lallaɓa shi muka je asibiti a Kano. Likitar ta sa ya taka wani faffaɗan allo a ƙasa, kamar sallaya. Nan take sawunsa ya fito a kwamfuta, wani wuri shuɗi, wani rawaya, dunduniyar nan kuwa ja wur.

Ta ce, "Baba, nan nauyinka yake taruwa, kai kuma ba ka ji. Kada ka sake taka ƙasa ba takalmi."

Ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, ƙafar tawa ce kika yi wa lalle?"

Aka yi masa takalmi mai laushin ciki, ya sa shi har damina ta faɗi. Amma shuka fa? Baba da dunduniya yake rufe rami bayan an jefa iri, kuma a wurinsa takalmi danne ƙasa yake yi, gero ya kasa fitowa. Na gan shi ya ajiye takalmin a gindin kuka. Na buɗe baki, ya harare ni, na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina.

Kututturen kara ya huda shi bai sani ba. Sai da wari ya tashi muka duba. Kafin gero ya fitar da kai, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ni aka miƙa wa ita, a naɗe cikin farin ƙyalle. Na kawo ta gida a bayan babur, muka binne. Da na koma asibiti, Baba ya ce, "Ina ka kai ta?"

Na ce, "Maƙabarta, Baba."

Ya juya fuskarsa bango. "Da ka kai min ita gona."