Babbar Rigar da Baba Ya Sa a Hoto

Ranar Laraba ce. Bayan asuba na sauka na sayo ful, wato dafaffen wake, da gurasa, na dafa wa Baba shayi. Ya ce sukari ya yi yawa, ya kuma shanye. Yana zaune a ƙofar ɗakinmu a kan dutsen Tandabawi, ƙafarsa mai ciwo a miƙe. A Makka aka haife shi, a nan aka haife ni, amma babu mai iƙama a cikinmu, wato takardar zama. Iyayensa da ƙafa suka zo daga Kano. Burinsa ɗaya ne a duniya, a binne shi a nan Makka, inda aka binne su.

Wajen ƙarfe bakwai Isiyaku ya wuce da kyamararsa, ya gaishe mu. Ban amsa ba.

Isiyaku ɗan unguwarmu ne, sai dai shi yana da takardar ɗan ƙasa, ya kuma yi boko. Tun bayan Babbar Sallah yake bin gidaje yana ɗaukar fuskokin tsofaffinmu. Ya nuna mana hotunan baƙaƙen Amurka na lokacin da suke neman 'yancinsu, kowa ya kafe mai kallo da ido. Wai irin fuskokin nan ne suka kunyata masu mulki, mu ma sai duniya ta gan mu. Na ce masa nan ba Amurka ba ce. Ni dai raina bai kwanta ba. Mai takarda, me yake nema da fuskokin marasa takarda?

Baba ya yarda. Mazanmu kullum farar jallabiya suke sawa don su saje da mutanen gari. Amma da aka ce hoto ne, kowa ya buɗe akwati, don a wurinmu ba a tsayawa hoto da kayan yawo. Baba ya fito da babbar rigar mahaifinsa da hularsa. Wallahi ya yi kyau. Har na manta da fushina ranar.

Ranar Larabar nan, bakwai da rabi na ji motoci a gindin dutse. Sannan bugun ƙofofin ƙarfe, daga ƙasa yana hawowa.

"Iƙama! Iƙama!"

Na leƙa. Masu kamen marasa takarda ne, da kulake. Mai shagon layinmu yana durƙushe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Wata tukunyar gas ta kuɓuce tana gangarawa kan matakala, ƙararta kamar ana dukan ganga. Na ga ɗaya daga cikin masu kamen yana ɗaga waya kusa da fuskar duk wanda aka fito da shi. Ya dubi wayar, ya dubi mutumin.

Hanya ɗaya ta rage, a hau sama a tsallake dutsen. Baba ya yi taku kaɗan ya zauna. Na ja shi, ya kasa. Sai ga Isiyaku yana haki.

"Ba ni shi! Motata tana ƙasa!"

Na dube shi. In ɗan rahoto ne, da hannuna zan miƙa musu ubana. In ba shi ba ne, takardarsa ce kaɗai za ta fitar da Baba. Bugun ya iso ƙofar maƙwabtanmu. Na taimaka na ɗora masa Baba a baya. Suka yi ƙasa, na yi sama.

Na bi ta kan rufin mutane, na diro cikin wani kango, gilashi ya yanka mini tafin ƙafa. Wata tsohuwa ta jefo mini takalmi ta taga. Ban yarda na shiga kowace mota ba. Ana kiran azahar na isa unguwar Utaibiyya, gidan ƙanwar mahaifiyata.

Bayan la'asar Isiyaku ya zo. Hannunsa ya kumbura, babu kyamara, babu Baba. Ya ce a bakin layi aka tare su. Shi an sake shi saboda takardarsa. Yana kuka. Ban ba shi ko ruwa ba.

Wani maƙwabcinmu da aka saki daga baya shi ya gaya mana sauran. Baba ya faɗa wa masu kamen da Larabcinsa na Makka cewa a nan aka haife shi, bai san wata ƙasa ba. Sai aka nuna masa hotonsa, da babbar riga da hula, aka tambaye shi ko tufar mutanen ina ce wannan. Aka rubuta Najeriya.

Isiyaku ya rantse daga kyamarar da suka ƙwace suka samu hoton. Mai yiwuwa ne. Amma wayar nan, na gan ta tun kyamarar tana wuyansa. Ban san abin da ke cikinta ba, kuma har yau ban daina tunaninsa ba.

An sauke Baba a Kano kafin azumi. Wani masallaci ya ba shi wurin kwana. Mun yi waya, ya ce mutanen kirki ne, sai dai suna dariyar Hausarsa. Bai kai Sallah ba. Limamin ne ya kira ni, ya ce an yi masa sutura yadda ya kamata, mutane sun taru. A cikinsu babu wanda ya san sunan mahaifinsa.